Amsa: Neman mastar ta harkar kasuwanci daga Damagaram

Ƙanena, ka ce ka gama lisansi a Jami'ar André Salifou, kana tambayar inda za ka nemi mastar ta gudanar da kasuwanci. Kafin ka biya ko dala, bincika ko CAMES, hukumar Afirka mai tantance takardun digiri na jami'o'i, ta amince da takardar makarantar da za ka shiga; in ba haka ba, sai ka gama a ƙi karɓarta wajen neman aiki. CESAG, babbar makarantar koyon gudanar da kasuwanci ta Dakar, abin dubawa ce.

Haɗa takardun makinka na shekara 3, ka kai ofishin magajin gari a buga wa kwafinsu hatimi. Duba sunanka harafi-harafi: Mahamadou a fasfo, Mamadou a takardar lisansi, wannan kaɗai kan tsayar da takardun mutum. In Faransa kake so, fara shirin jarrabawar TAGE MAGE, wadda makarantun kasuwanci da yawa na can ke nema kafin su ɗauki ɗalibi, tun yanzu.