Nunda ba damisa ba ce, ba kuma dodo ba

Wani mai karatu daga Zariya ya ce ya ji labarin nunda a rediyo, mai fassara ya kira ta damisa. Daidai ne?

Ba daidai ba ne. Nunda, ko mngwa, sunan Suwahili ne na wata ƙatuwar dabba dangin kyanwa da ake ba da labarinta, labarinta kuma na gaɓar tekun Tanzaniya ne. Masu ba da labarin sun ce ta kai jaki girma, launinta toka-toka, jikinta da zane irin na kyanwar gida. Damisa kuwa roɗi-roɗi gare ta, mutanen can ma sun san ta sarai, chui suke ce mata. Da ita suka gani, da sun faɗa. An ba da labarin cewa a 1922, a garin Lindi na can gaɓar tekun, an tsinci gawar wani ɗan sanda mai gadin dare, ya damƙe gashi toka-toka a tafin hannunsa. Akwai kuma tatsuniyar Zanzibar da aka buga a 1870: kyanwar sarki ce ta ci ɗan maraƙi, sarki ya hana a taɓa ta, ta ci raƙumi, ta koma kan mutane, aka kira ta nunda. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mai da damisa kwandon zuba kowace dabba mai farce. Har taiga ta Indiya, wadda babu ita a dazukan Afirka, damisa ake ce mata. A bar wa nunda sunanta mana.

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta ce, to ko dodo ce?

A'a. Dodo ba shi da tsayayyar siffa, nunda kuwa an siffanta ta har launin gashi.

Wani ya nemi ma'anar "damisa ƙi sabo".

Kirari ne. Ko a hannunka ta tashi, ran da ta juya ba ta san ka ba. Ana yi wa mutumin da ba a shaƙuwa da shi.

"Damisa ba ta canja zanenta", karin maganarmu ce?

Daga Turanci aka kwaso ta, aka sa mata hula. Kakanninmu cewa suka yi hali zanen dutse.