Tayar da mota daga nesa: a riƙa biya duk wata ko a biya sau ɗaya a huta?

Assalamu alaikum. Malam, barka da zuwa Minnesota, Allah ya sa an zo a sa'a. Ka ce wannan ne hunturunka na farko, kana shirin sayen mota ta hannu, kuma wani abokin aikinka ya gaya maka cewa yanzu sai mutum yana biyan kamfani kuɗi duk wata kafin ya iya tayar da motarsa daga cikin ɗaki. Kana tambaya ko haka ne, kuma ko gara ka biya ko ka kai a saka maka wata na'ura dabam. Abokin naka bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba.

Abu biyu ne mutane suke haɗawa su kira da suna ɗaya. Akwai tayarwa da rimot ɗin makulli, wanda yake magana da motar kai tsaye ta igiyar rediyo, babu ruwansa da intanet, amma hannunsa gajere ne, bango biyu ko uku sun isa su tare shi. Akwai kuma tayarwa da manhajar waya. A nan motar tana da nata layin waya a jikinta, idan ka danna sai umarnin ya tafi kwamfutocin kamfani, daga can a aiko wa motar. Shi ya sa za ka iya tayar da ita daga ko'ina muddin akwai sabis, shi ya sa take ɗan jinkiri kafin ta amsa, kuma wannan layin ne ake cewa ka biya.

Ni da wuya na gane bambancin. Na taɓa sayen wata mota ta hannu da kaka, mai sayarwa ya ɗora mini manhajar a waya, muka gwada ta tashi, ni kuwa ban tambayi komai ba. Wata uku ina jin daɗi, ina shan shayi motar tana ɗumama kanta. Ranar wata Litinin cikin Janairu, bayan na idar da sallar asuba, na danna kamar kullum, sai allo ya nuna mini wurin zuba lambar katin banki. Ashe ragowar lokacin gwaji na mai motar na farko nake ci, kuma lissafin lokacin yana farawa ne daga ranar da aka fara sayar da ita sabuwa. Haka na fita da jaket a kan rigar barci ina kankare gilashin gaba, yatsuna sun ƙage har makulli ya gagare ni riƙewa. Wanda ya ga ƙarshen Janairun 2019 a garin nan, lokacin da ma'aunin sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri 33 a ma'aunin Celsius, ya san wannan na'ura ta wuce maganar son jiki.

Kamfanonin ba su bi hanya ɗaya ba. A ƙarshen 2021 an yi ta surutu a kan Toyota, domin an gano cewa a motocinta da yawa daga ƙirar 2018 zuwa sama, hatta tayarwa da rimot ɗin makulli an ɗaure ta da tsarin Remote Connect, wanda a lokacin kuɗinsa dala 8 ne a wata ko dala 80 a shekara. Abin da ya ba mutane haushi shi ne rimot ɗin bai bi ta layin kamfani ba, to kuɗin mene ne? Mazda ta kasance tana ba da shekara uku kyauta, sannan a 2024 ta fara karɓar dala 10 a wata. Ford kuwa tun 2019 ta mayar da tayarwa ta manhajar FordPass kyauta. Hyundai ta fito da nata tsarin manhajar, Bluelink+, kyauta daga ƙirar 2024, amma ga mai motar na farko, saboda haka kai da za ka sayi ta hannu kada ka sa shi cikin lissafinka. General Motors (GM) ta taɓa tilasta wa masu sayen sabuwar Buick da GMC kuɗin tsarinta mai suna OnStar na shekara uku, dala 1,500, a 2022, daga baya ta koma haɗa tayarwa daga nesa cikin farashin mota na tsawon shekara takwas daga ƙirar 2025. Waɗannan farashi suna canzawa, don haka kafin ka biya kuɗin mota ka karɓi lambar shasinta, ka kira kamfanin da kanka ka tambayi abu uku: wane tsari ne a kanta, yaushe zai ƙare, kuma idan ya ƙare rimot ɗin makulli zai ci gaba da tayar da ita ko kuwa shi ma zai mutu.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya maganinsa. A 2022 kamfanonin waya na Amurka suka rufe layin 3G, AT&T a Fabrairu, Verizon a ƙarshen Disamba, kuma motoci masu yawa da aka ƙera da wannan layin suka rasa manhajarsu, wasu har abada, alhali injinsu lafiya lau. Idan motar da kake dubawa ta kai shekara takwas ko tara, kada hoton manhaja a takardar talla ya ruɗe ka, ka sa a tayar da ita a gabanka.

Ra'ayina shi ne, wurin da kake ajiye mota shi zai yanke maka hukunci. Idan a ƙofar gida take kwana, ko a filin fakin da kake hangowa ta taga, biyan kuɗin wata asara ce, domin dala 10 a wata dala 600 ce a shekara biyar, kuma ranar da ka daina biya ka koma inda ka fito. Ni bayan abin da ya same ni na kai motar shagon masu wayarin mota, aka saka mini rimot na dabam, irin su Compustar ko Viper da ake samu a ko'ina a nan, na biya dala 400 da 'yan kai har da kuɗin aiki, kuma daga ranar ban sake ba kowa sisi ba. Idan za ka saka, ƙara kuɗi ka ɗauki mai amsawa, wato wanda yake yin ƙara ko haske ya shaida maka cewa mota ta tashi. Maras amsawa ya fi arha, amma wata rana za ka sauko da tabbacin mota ta yi ɗumi ka tarar da ita shiru kamar dutse. Wanda kuɗin wata ya dace da shi shi ne mai aiki a babban asibiti ko masana'anta, inda mota take can nesa a bene na huɗu na wurin fakin, ko wanda yake barin ta a tashar jirgin ƙasa. Shi ma na san masu biya daga Nuwamba zuwa Maris kawai su dakatar, idan tsarin ya yarda da biyan wata-wata.

Kada ka ba wanda bai ƙware ba wannan aiki don neman sauƙi. Motocin yanzu suna da na'urar hana sata da ba ta barin inji ya tashi sai ta ji makullin asali, kuma sai an haɗa wani ƙaramin akwati da zai yi magana da ita. Mummunan haɗi yana iya zuƙe batir cikin dare, batir kuwa da ma sanyi ya riga ya rage masa ƙarfi. Idan dila ya ce maka saka na'urar waje zai soke garantin mota baki ɗaya, dokar garanti ta Amurka, wato Magnuson-Moss ta 1975, ba ta ba shi wannan dama ba, sai in na'urar ce ta jawo lalacewar da kake ƙorafi a kai. Mota mai giyar hannu kuma shaguna da yawa ba sa son taɓa ta, saboda tsoron a bar ta cikin giya ta zabura babu kowa a ciki.

Duk hanyar da ka bi, kada ka taɓa tayar da mota a cikin garejin da ke manne da gida, ko da ƙofar a buɗe take, domin gubar da ke cikin hayaƙin salansa ba ta da wari kuma tana kisa. Bayan an yi dusar ƙanƙara mai yawa ka duba kada ta toshe bakin salansar. Ka kuma tuna ka bar hita a kunne tana hura gilashin gaba tun da dare, domin wasu motocin abin da ka bari shi suke tasowa da shi.

Idan ka zaɓi manhaja, ka karanta abin da kake amincewa da shi. A 2024 ya fito fili cewa GM tana miƙa bayanan tuƙin mutane ga kamfanonin tattara bayanai irin su LexisNexis, daga can suna isa ga masu inshora, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, wato FTC, ta shiga maganar a Janairun 2025. Tun daga lokacin nake kashe duk wani zaɓi na auna tuƙi.

Na ga ka ambaci cewa wataƙila bayan 'yan shekaru ka tura motar gida ta Legas ko Kwatano. Wannan ma yana ƙara rinjayar da ni wajen rimot, domin layin da ke jikin motar na kasuwar Amurka ne, da ta sauka daga jirgin ruwa manhajar ta zama hoto. Rimot ɗin da aka saka kuwa zai bi ta har Kano, kuma a zafin Afrilu wanda ya gaje ta zai riƙa tayar da ita esi ya huce kujeru kafin ya fito. Idan ka tsayar da ƙirar da shekarar motar, ka faɗa mini tare da irin wurin da za ta riƙa kwana, sai mu duba tare kafin ka sa hannu a takarda.