Tsohon talabijin ya koma layi ɗaya: a gyara ko a sayi sabo?

Tambaya: Ina da talabijin irin na dā mai doro, wanda ya yi mini aiki fiye da shekara 15. Kwanan nan hoton ya tattare ya zama farin layi ɗaya a kwance a tsakiyar gilashin, amma sauti yana fita lafiya lau. 'Ya'yana sun ce in rabu da shi in sayi na zamani. Shin ya cancanci gyara?

Amsa: Malam, alamar da ka kwatanta tana cikin masu sauƙi, kuma a ganina bai kamata ka yi saurin yar da shi ba. Farin layi a kwance yana nuna cewa kwalbar hoton, wato babban gilashin da hoto yake fitowa a fuskarsa, tana da rai, sashen da yake baza hoton daga sama zuwa ƙasa ne ya tsaya, kuma galibi abin da yake jawo haka bai wuce dalmar haɗi da ta tsage saboda zafi ba, ko kafasito (ɗan sashen da yake ajiye caji) da ya bushe, ko ƙaramin aisi (IC, ɗan guntun da yake sarrafa wutar sashen) guda da ya ƙone. Sai dai ka daina kunna shi har a gyara, domin hasken da ya taru a wuri ɗaya yana iya ƙona fuskar kwalbar ya bar tabon da ba ya gogewa.

Tambayar da za ka yi wa mai gyara ita ce lafiyar kwalbar kanta. Idan tun kafin wannan matsala hoton ya riga ya dushe, launuka sun koɗe, ko yana ɗaukar mintuna kafin ya washe, to kwalbar ta tsufa, kuma a nan ne nake ba da shawarar sayen sabo, saboda masana'antu sun daina ƙera ta. Kamfanin Sony ma, wanda ya fito da samfurin talabijin mai kwalba na Trinitron a 1968, ya dakatar da yin sa a 2008, don haka galibi kwalbar da za a samo maka tsohuwa ce da aka ciro daga wani akwatin. Ka kuma lura cewa irin wannan talabijin ya fi na zamani mai girmansa shan wuta, kuma ba ya kama tashoshin dijital sai da dikoda.

Ina roƙonka kada ka buɗe bayansa da kanka. Talabijin mai launi yana aiki da wuta mai ƙarfin da ya kai bolt 25,000, kuma kwalbar tana riƙe da caji ko bayan an zare shi daga soket. Idan kuwa ka yanke shawarar rabuwa da shi, kada a fasa shi ko a ƙona shi, domin gilashinsa yana ɗauke da dalma mai guba; a miƙa shi ga masu karɓar tsofaffin kayan lantarki, ko ga mai gyara ya amfana da sassansa.