Amsa ga ƙanenmu mai son fara fodkas na sharhin finafinai

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka cewa kana son fara fodkas, wato shirin murya da ake ɗorawa a intanet, na sharhin finafinai daga nan Katsina, kana neman wanda ya taɓa yi ya gaya maka kayan da ake buƙata, ko akwai masu saurare, kuma ko ana samun ɗan na cefane a ciki. To ni da wani abokina mun cika shekara muna abun nan, kallo da sharhi da naɗa duk a ɗakina nan wajen Ƙofar Marusa, bari in faɗa maka abin da na gani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Maganar kaya ita ce mafi sauƙi, kada ta tsaida ka. Wayarka ta isa, sai ɗan makirifon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, in ku biyu ne ku sayi biyu. Abin da ke kashe sauti ɗaki ne, ɗakin siminti da babu kaya ciki muryarka za ta rinƙa dawowa kamar kana magana cikin rijiya. Mu sai bayan isha'i muke zama in gari ya lafa, injin markaɗen maƙwabta ya tashi aiki, mu rufe taga mu rataya barguna a ƙofa da bango, mu kashe sabis ɗin waya dan kada kira ya shigo ya yanke mamu, sannan mu kashe fanka. E, har cikin zafin Afrilu, zufa na ɗiga kan takardar da ka rubuta bayananka tana jiƙa biro, amma in ka bar fankar nan mai ji da iyafis fuuu zai yi ta ji tun daga sallama har bankwana kuma ba zai dawo ba. Tace sautin kau, manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta, yini guda ka koyi yanke tari da shiru da maimaici.

Masu saurare akwai su wallahi, sai dai ba inda kake zato suke ba. Ɗora shiri a manhajar sauraro ta Spotify ba a biyan ko sisi kuma ka ɗora ɗin, amma mutanenmu WhatsApp da Facebook da YouTube suke, sai kaɗan a Telegram. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025 kowa lissafin mega yake kafin ya danna abu, shi ya sa muke fidda shirin a mp3 mai 64kbps, minti 20 bai cika mega 10 ba, mutum ya sauke ya tura ma wani ta Xender. Akwai ma wani yaro mai shagon tura finafinai da muke ba, duk wanda ya zo a zuba mashi sabon kashi a memori sai ya haɗa mashi da namu. Kuma abin da na lura, matan aure sun fi kowa bin mu, suna girki suna ji, kuma sun fi mu riƙe labari nesa ba kusa ba, wata Hajiya daga Daura takan turo saƙon murya ta tuna mamu abin da jaruma ta faɗa tun zangon farko wanda yanzu marubucin ya saɓa.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne, dan nan ne mafi yawan masu farawa ke zubewa. Wasu su zauna su ba da labarin fim daga farko har ƙarshe, wane ya shigo wance ta fita sai aka yi kaza, wanda ya kalla me zai yi da wannan, wanda bai kalla ba kau ka ɓata mashi. Wasu kuma su koma kan rayuwar 'yan fim, wa ya saki wa, wa ta sa wane kaya a TikTok, wannan yana kawo jama'a da sauri ban musa ba amma gulma ce, kuma haƙƙin mutane ne za ka ɗauka a wuyanka. Abin da ya riƙe mamu mutane shekara guda shi ne in mun ce abu ya yi kyau mu faɗi dalili, in mun ce bai yi ba mu nuna wurin, minti kaza, fitowa kaza, yadda kowa zai iya komawa ya duba da idonshi.

Dan haka ni ba ni kallo hannu sake, littafi da biro na gefe. Kallon farko ina barin fim ya tafi da ni kamar kowa, na biyu ne nake tsaidawa ina rubutu. Bari in ba ka misali. Akwai wata fitowa a wani fim mai dogon zango da aka zo ma uwa da labarin rasuwar ɗanta tana zaune tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti, darakta bai sa ta kurma ihu ba, bai sako kiɗan nan na tausayi ba, kyamara ta tsaya kan hannunta, ta ci gaba da tsintar kamar ba ta ji ba, can sai ka ga tana maida tsakuwar cikin shinkafa tana zubar da ƙwayar. Mun yi kusan rabin shiri kan wannan kaɗai, kuma saƙonnin da suka shigo ranar har da na wata da ta ce haka mahaifiyarta ta yi sak ranar da aka yi masu rashi. A wannan fim ɗin dai, kashi na gaba, mutum ya fita gida da hula shuɗiya ya isa ofis da ja, kiɗa ya danne maganar da duk labarin ya rataya a kanta, shi ma mun faɗa ba mu rage ba. In ka yabi na yabo da hujja, ranar da ka soki na suka ba mai cewa ƙiyayya ce, sai dai 'yan ga-ni-kashe-nin jarumi, su kam ko me ka ce sai sun zage ka, kada ka biye masu, kada ma ka amsa.

Sannan ka san yadda kasuwar take kafin ka ɗora ma mutum laifi. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 harkar finafinan Hausa kan kaset ta tashi, ta koma faifan CD, furodusa ya buga ya kai kasuwa ya ƙirga kuɗinshi. Satar fasaha da tura fim a waya suka kashe wannan kasuwar, tashar Arewa24 ta zo a 2014 ta saba ma mutane da kallon shiri mako-mako, daga 2020 kuma kowa ya koma YouTube da dogon zango. To kuɗin YouTube daga yawan kallo da daɗewar mai kallo yake fitowa, sai tallan da 'yan kasuwa ke biya a saka, shi ya sa za ka ga labarin da zai ƙare a kashi goma an ja shi zango bayan zango, gaisuwa kaɗai ta ci minti uku, ana tsakiyar rikici a yanke a sako tallan maganin gargajiya ko shagon atamfa. Ni har gobe ina sukar jan labarin nan dan yana kashe fim, yana maida jarumi mai hankali wawa saboda kawai kada matsala ta warware da wuri, amma in za ka soka ka faɗa ma masu saurare daga ina abun ya samo asali, sai su gane ba wai marubucin bai iya ba ne kullum.

Ba Kannywood kaɗai muke taɓawa ba, mukan yi na Indiya masu fassara da na Turkiyya da na Koriya tunda su matasa ke kwana kallo, amma gaskiya namu na gida ya fi tada muhawara.

Cikin shekarar abubuwa biyu suka fi ɗaukar hankalin masu jinmu. Na farko lokacin da aka zaɓi fim ɗin Mai Martaba a 2024 ya wakilci Najeriya a gasar Oscar ɓangaren finafinan ƙasashen waje, fim na Hausa kuma a Daura aka ɗauke shi, mutanen Daura suka cika mamu waya da murna. Bai shiga jerin 15 da aka tace ba, amma ya buɗe mamu maganar da na daɗe ina son a yi, wato me ya sa masu fim ke maƙale a falon gidan haya guda da kujeru iri ɗaya alhali ga ganuwa da ƙofofin Katsina, ga hasumiyar Gobarau, ga rijiyar Kusugu, ga hawan Sallar Gani, ga kasuwannin ƙauye da ba sai ka gina komai ba. Na biyu kuma a Mayun 2025 da hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 kan batun kai su a tace kafin a saki. Ranar mun raba gari ni da abokina a cikin shirin, shi yana ganin dole a bi doka tunda yaranmu ke kallo, ni ina ganin a duba yadda mai fidda kashi duk mako zai iya bin layin tacewa ba tare da ya karye ba, kuma ba mu yanke wannan saɓanin ba muka sake shi haka, mutane sun fi son shi a kan ranakun da muke ta amsa ma juna da haka ne, haka ne. In za ka samu abokin yi, nemi wanda ba ya jin nauyin ce maka a'a.

Kuɗi kuma, kada ka sa rai da wuri. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma in ka yanko guntun fim ko waƙar wani ka saka, na'urarsu na gane shi, ko a toshe bidiyon ko kuɗin ya tafi wajen mai shi, dan haka mu murya kawai muke sawa da hoton da muka haɗa da kanmu. Abin da ya shigo hannunmu bai wuce na data da fetur ɗin janareto ba, daga wasu masu shaguna nan cikin gari da muke ambata a farkon shiri.

Amma akwai wani kuɗin da zai zo maka da sauri kuma shi nake ji maka tsoro. Da zarar an fara jin ka wani zai kira, cikin mutunci da girmamawa, ya ce ga sabon aikinshi na fitowa a taimaka a yi magana a kai, turo lambar asusu a sa maka na kati. An yi mamu haka, muka yi godiya muka ce in talla yake so za mu karanta a matsayin talla kowa ya ji an biya, sharhi kuma sai mun kalla, abin da muka gani shi za mu faɗa. Bai ji daɗi ba, bai sake kira ba. Na san halin da ake ciki, na san ɗalibi dubu biyar ma wani abu ce gare shi, amma Hajiyar Daura da ire-irenta suna sauke shirin da datarsu ne dan sun yarda ba a saye mu ba, kuma kunnensu na gane yabon da aka biya tun daga jimlar farko.

Ka zaɓi rana guda a mako wadda ba ka da lacca washegari, ka tsaya a kanta ko mutum goma ke ji, kada shiri ya wuce minti 20 zuwa 25 a farko. Ka naɗi na gwaji kan fim guda da ka kalla sau biyu ka turo mani ta akwatin saƙo in saurara in gaya maka inda sauti ko magana ke buƙatar gyara, in kuma kana cikin gari ranar Asabar bayan isha'i ka zo ka zauna da mu ka ga yadda muke yi. Allah ya sa albarka, ya ba da sa'a.