Gwajin PCR bai nuna komai ba, mu dakatar da maganin?

Tambaya: Likita, ƙanina ya dawo daga karatu a Indiya da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, yau kwana tara. An ga wani baƙin ɓawo a hammatarsa, aka ce ana zargin taifos na daji. An yi gwajin PCR bayan ya fara shan magani, bai nuna komai ba. 'Yan uwa sun ce a dakatar da maganin tunda babu cutar. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Kada ku dakatar da maganin nan.

Da farko, wannan ba taifod ba ne. Ƙwayar Orientia tsutsugamushi ke kawo shi, ta cizon wani mitsitsin ƙwaro dangin kaska, kuma Indiya na cikin yankin da cutar ta yi gida, daga Japan har arewacin Ostireliya. Ɓawon da kuka gani, mai kama da ƙunar sigari, shi ne wurin cizon.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaukar takardar gwaji kamar hukuncin alƙali. PCR ƙwayar halittar cutar yake nema. Ya fi kama ta a makon farko, lokacin da take yawo a jini. Bayan nan sai ta ragu, in kuma an sha dokisisayikilin, maganin da ake ba masu wannan cutar, kafin ɗibar jini, sai ta ƙara ɓuya. To ƙaninki ya haɗa duka biyun. Sannan wane jini aka ɗiba? Ƙwayar a cikin ƙwayoyin jiki take zama, don haka jini gaba ɗaya ake so, a kwalbar EDTA mai hana jini daskarewa, ko fararen ƙwayoyinsa. In ruwan jinin kawai aka tace aka gwada, an riga an rage damar ganinta. Kullum sai na maimaita wannan, amma sai ka ga an karɓi takarda, an ce alhamdulillahi, an ajiye magani, kwana kaɗan mutum ya dawo numfashi na sarƙewa ko ƙoda ta tsaya. Ga kuma masu dogaro da gwajin Weil-Felix na tun 1916, wanda ke tsallake masu cutar da yawa, su ce wa mutum lafiyarsa lau!

Ki roƙi likitansa a ɗauki ɓawon ko a goge gindinsa da auduga a yi PCR a kai, don ƙwayar kan daɗe a wurin ko bayan fara magani. A kuma yi gwajin IgM, mai neman garkuwar da jiki ya samar don yaƙar ƙwayar, wanda yanzu ne lokacinsa, a maimaita bayan mako biyu. Ya shanye maganinsa yadda aka rubuta, kada wani ya canza masa da amokisilin, ba ya taɓa wannan ƙwayar. In zazzaɓin bai sauka ba cikin kwana biyu zuwa uku da fara magani, ko ya fara ruɗewa, ku koma asibiti nan take.