Tambaya da Amsa: Na sake girka Paho, tankin ruwa ya daina aiko da saƙo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da na haɗa da na'urar auna ruwa a tankin gidanmu, tana aiko mini da yawan ruwan da ya rage ta hanyar MQTT, wato tsarin da ƙananan na'urori ke aika saƙo da shi. Da Python na rubuta shirin, kuma ya daɗe yana aiki lafiya. Makon jiya katin ajiya ya lalace, sai na sake girka komai, har da laburaren paho-mqtt (Paho), wanda shirin ke amfani da shi wajen aika saƙon. Ban taɓa ko harafi ɗaya a cikin shirin ba, amma da na kunna shi sai ya tsaya, ya rubuto "Unsupported callback API version". Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Shirinka bai canza ba, laburaren ne ya canza ba ka sani ba. Alamu sun nuna cewa da sigar 1.6.1 kake aiki, to amma idan aka ce wa pip, manhajar da ke girka laburaren Python, ya sauko da laburare ba a ambaci siga ba, sabuwar yake ɗaukowa, kuma tun watan Fabrairun 2024 Paho ya shiga siga ta 2.0.

Duba layin da ka rubuta mqtt.Client("tanki") ko makamancinsa. A tsohuwar siga, gurbin farko na sunan na'ura ne, amma a sabuwar an ba da shi ga callback_api_version, saboda haka laburaren yana ɗaukar kalmar "tanki" a matsayin lambar siga, ya rasa gane ta, ya tsaya. Gyara mafi sauƙi shi ne ka mayar da layin mqtt.Client(mqtt.CallbackAPIVersion.VERSION1, client_id="tanki"). Zai yi aiki, sai dai zai riƙa gargaɗinka cewa wannan tsari ya tsufa.

Ni dai da VERSION2 zan koma tun yanzu, tunda shirin ƙarami ne. A nan ne ake bukatar natsuwa, domin on_connect, ɓangaren shirinka da laburaren ke kira idan an haɗu, da ke karɓar abubuwa huɗu yanzu biyar yake karɓa, wato client, userdata, flags, reason_code da properties, haka kuma on_disconnect, on_subscribe da on_publish duk sun sauya fasali, yayin da on_message ya tsaya yadda yake. Wanda ya gyara layin farko kaɗai ya manta da waɗannan, zai ga shirin ya tashi, sannan ya faɗi da zarar dillalin saƙo, wato manhajar da ke karɓar saƙonni tana rarraba su, ya amsa masa.

Idan kuwa ba ka da lokaci, rubuta paho-mqtt==1.6.1 a cikin requirements.txt, fayil ɗin da ke lissafa laburaren da shirin ke bukata, ka sake girkawa. Ko ma wace siga ka zaɓa, ka rubuta lambarta a wannan fayil, domin da an yi haka tun farko, da lalacewar katin ba ta jawo maka wannan wahala ba.

Akwai wani tarko kuma, tunda komai ka sabunta. Idan bayan gyaran ka ga "Connection refused" daga wayarka, to ka duba dillalin saƙon, wato Mosquitto, wanda tun sigarsa ta 2.0 a watan Disamban 2020 ba ya sauraron wata na'ura daga waje sai an rubuta listener 1883 a fayil ɗin saitinsa. Mutane da yawa kan ƙara allow_anonymous true, wato barin kowa ya shiga ba tare da kalmar sirri ba, su huta, amma hakan na nufin duk wanda ya hau waya-fayin gidan zai iya aika saƙo ga tankinka. Gara ka ƙirƙiri kalmar sirri da mosquitto_passwd, ka nuna wurinta da password_file, sannan ka sake kunna Mosquitto.