Tambayi Likita: Jikin da ba ya jituwa da roba, ga tiyata ta taso

Likita, in na hura wa yarana balan-balan sai leɓena ya kumbura, ayaba ma tana sa ni ƙaiƙayin baki. Wata mai zuwa za a yi min tiyatar haihuwa. Da alaƙa? Daga Gusau.

Da alaƙa, 'yar'uwa. Da ƙaron itacen roba, wato lateks, ake yin balan-balan, kuma da shi ake yin yawancin safar hannun likitoci da robar fitsari. Wasu sinadaran cikinsa sun yi kama da na ayaba da fiya da gwanda, shi ya sa jiki ke ɗaukar su abu guda. Ban da bokiti da kofin roba, waɗannan filastik ne, sunan kawai suka ci.

Ki shaida wa masu duba ki tun a awo, labarin ya isa ga likitan allurar barci kafin ranar. Ko da allurar baya za a yi miki, safar hannun za ta taɓa cikin cikinki, kuma nan ne haɗarin: jini ya faɗi, numfashi ya sarƙe, galibi minti 30 zuwa 60 da fara aiki. In sun sani, za su sauya safar da wadda ba lateks, su nemo robar fitsari ta silikon, su sa ki ta farko da safe kafin hodar safar hannu ta gauraye iskar ɗakin. Saboda wannan hoda ce Amurka ta haramta safar hannu mai hoda a 2017.

An haifi ɗana da buɗaɗɗen gadon baya, wannan ce tiyatarsa ta uku. Bai taɓa borin jini ba, amma likita ya ce a guji lateks. Ba tsanani ba ne? Daga Maraɗi.

Ko kusa, Malam. Masu wannan lalura suna kan gaba wajen kamuwa da rashin jituwa da lateks, don jikinsu na yawan haɗuwa da roba tun suna jarirai. Da sannu abin yake ginuwa. Likitan ya kyauta.

In na sha Piriton kafin tiyata, bai wadatar ba?

A'a. Yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya hana matsalar mai tsanani, ta faɗuwar jini da sarƙewar numfashi. In ta faru, allurar adiranalin ce magani, nan take. Bayan mako 4 zuwa 6 sai a yi gwajin fata a tantance abin da ya jawo.